Ta ina zan fara koyon shirya fihirisa da binciken takardu da manhajojin kyauta?

Ma'aikaciyar Laburare ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da sauran jama'ar wannan zaure. Ina aiki a ɗakin karatu na wata kwalejin ilimi, inda aka damƙa mini kula da takardun da aka mayar cikin kwamfuta, waɗanda suka haɗa da kundayen binciken ɗalibai, da maƙalun da aka gabatar a tarurrukan ƙara wa juna sani, da kuma wasu tsofaffin mujallun Hausa da aka ɗauki hoton shafukansu. Yawancinsu fayilolin PDF ne, kaɗan kuma na Word, wasu da Hausa aka rubuta su, wasu da Turanci. A halin yanzu, idan ɗalibi ya zo neman abin da aka rubuta a kan wani batu, sunan fayil kaɗai muke iya dubawa, alhali sau da yawa abin da yake nema yana can tsakiyar wani kundi wanda takensa bai nuna hakan ba ko kaɗan.

Abin da nake so shi ne in koyi yadda ake shirya fihirisa a kwamfuta, da yadda injin bincike yake zaƙulo takarda har ya sa ta gaba da wata, ba wai a ba ni sunan manhaja kawai in girka ba tare da na san abin da take yi ba. A makaranta mun karanta tsarin Dewey da shirya katalogi, amma wannan fanni a baki kawai muka ji shi. Babu kuɗin sayen lasisi, don haka manhajar kyauta nake nema, wadda kuma za ta yi aiki ko da babu intanet. Kwamfutar da nake amfani da ita tana da RAM mai gigabait 4, kuma na ɗan taɓa koyon Python. Ina roƙon waɗanda suka san hanyar su nuna mini inda ya dace in fara, da kuma abin da ya kamata in yi hattara da shi game da rubutun Hausa.

Malamin Kwamfuta ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ita ce kada ki fara da babbar manhaja ko ɗaya. Ki fara da rubuta ƙaramar fihirisa da hannunki a Python, wadda ba za ta wuce layuka talatin ko arba'in ba, domin injunan binciken rubutu, manya da ƙanana, a kan tunani ɗaya aka gina su, wato juyayyar fihirisa. Ke da kike aikin laburare kin riga kin san ta, domin ita ce jerin kalmomin da ake sawa a ƙarshen littafi, inda kowace kalma take da lambobin shafukan da ta fito a gabanta. Bambancin kawai shi ne a nan ba mutum ne yake zaɓen kalmomin ba, kowace kalma ta cikin kowace takarda tana shiga, kuma lambar takarda ake rubutawa a madadin lambar shafi.

Ɗauki takardu uku gajeru. Ta ɗaya ta ce “farashin gero ya tashi a kasuwar Dawanau”, ta biyu ta ce “an yi ruwan sama a Kano”, ta uku kuma ta ce “manoman gero suna jiran ruwan sama”. Idan kika yanka kowace jimla zuwa kalmomi kika juya su, za ki ga “gero” tana da 1 da 3 a gabanta, “ruwan” tana da 2 da 3, “Dawanau” tana da 1 kaɗai. Duk wanda ya nemi takardar da ke ɗauke da “gero” da “ruwan” gaba ɗaya, ba sai kwamfuta ta sake karanta ko jimla ɗaya ba, za ta ɗauko jeri biyu ne ta duba lambar da suka yi tarayya a kai, wato 3. Wannan shi ne dalilin da ya sa bincike a cikin miliyoyin takardu yake ƙarewa kafin ƙiftawar ido: an riga an yi aikin wahalar tun lokacin shirya fihirisa. Idan kika ƙara ajiye matsayin kowace kalma a cikin takardar, wato ta nawa ce a jeri, to za ki iya neman “ruwan sama” a matsayin kalmomi biyu da ke maƙwabtaka, ba kowace a warwatse ba.

Mataki na biyu shi ne jera sakamako, kuma nan ne ainihin ilimin yake. A 1957 Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya kawo ra'ayin cewa yawan maimaituwar kalma a cikin takarda alama ce ta abin da takardar take magana a kai. Sai dai wannan kaɗai bai isa ba, domin kalmomi irin su “da” da “a” da “ya” sun fi kowace kalma yawa a rubutun Hausa, kuma ba sa gaya wa mai nema komai. A 1972 Karen Spärck Jones ta Jami'ar Kambirij ta kawo gyaran da har yau ake cin moriyarsa, cewa kalmar da ta fito a takardu kaɗan ta fi nauyi bisa wadda ta fito a ko'ina. Lissafin mai sauƙi ne: a raba jimillar takardu da yawan waɗanda kalmar ta fito a ciki, sannan a ɗauki logaridim. Idan kina da takardu 10,000, kalmar da ta fito a 10 kawai nauyinta 3 ne bisa logaridim mai tushe 10, wadda ta fito a 1,000 nauyinta 1, wadda kuwa ta fito a cikin dukkansu nauyinta sifili ne. Ninka wannan nauyi da yawan maimaituwar kalmar a cikin takarda shi ne abin da ake kira TF-IDF.

Bayan kin rubuta wannan kin ga yana aiki, sai ki koma kan BM25, wani ingantaccen ma'aunin jera sakamako wanda Stephen Robertson da abokan aikinsa suka samar a tsarin Okapi na Jami'ar City da ke Landan, aka kuma san shi sosai daga 1994. Abu biyu ya ƙara. Na farko, maimaita kalma yana ƙara maki amma ƙarin yana raguwa, ta yadda takardar da ta ambaci “gero” sau ɗari ba za ta ninka wadda ta ambace shi sau goma har sau goma ba. Na biyu, yana la'akari da tsawon takarda, domin kada kundin digiri mai shafi ɗari biyu ya danne maƙala mai shafi biyar don kawai ya fi ta yawan kalmomi. Lambobi biyu ne suke sarrafa waɗannan, k1 da b, kuma yawancin manhajoji suna sa su a 1.2 da 0.75. Lucene ma, wata fitacciyar manhajar bincike ta kyauta, BM25 ta mayar tsayayyen ma'auninta tun daga siga ta 6 da ta fito a 2016.

Manhajar da zan ce ki fara da ita bayan wannan kuwa ita ce SQLite, ƙaramar manhajar ajiye bayanai wadda take zuwa tare da Python, kuma tana da sashen binciken rubutu mai suna FTS5. Ba ta bukatar sabar ko intanet, fihirisar duka fayil ɗaya ce da za ki iya kwafa a filasha, kuma gigabait 4 ya ishe ta har da saura. Umarni biyu sun isa a fara:

CREATE VIRTUAL TABLE takardu USING fts5(take, rubutu);

SELECT take FROM takardu WHERE takardu MATCH 'gero AND ruwan' ORDER BY rank;

Tana kuma da wani tebur mai suna fts5vocab da yake nuna kowace kalma da ta shiga fihirisa da yawan takardun da ta fito, don haka za ki iya kwatanta shi da abin da naki shirin ya fitar. Na karatu kuwa, littafin Introduction to Information Retrieval na Manning da Raghavan da Schütze, wanda aka buga a 2008, marubutansa sun sa shi kyauta a intanet, kuma babukansa na farko wannan hanyar suka bi daki-daki.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Salamu alaikum. Malam ya yi bayani mai gamsarwa, kuma ban da ja a kan lissafin, sai dai ina ganin ɗalibai ba za su jira Malama ta gama koyon logaridim ba. Tana iya girka shiryayyar manhajar binciken fayiloli a yau, wato Recoll idan Linux take amfani da shi, ko DocFetcher idan Windows ne, ta nuna masa jakar fayilolin, ɗalibai su fara amfana, ita kuma ta ci gaba da koyonta a gefe. Recoll a kan injin bincike mai suna Xapian aka gina shi, DocFetcher kuma a kan Lucene, don haka abin da take koyo shi ne dai yake gudana a ƙarƙashinsu, kuma duk inda suka gaza darasi ne a gare ta.

Za su kuwa gaza, kuma ba a wajen lissafi ba, a wajen rubutun Hausa. A tarin takardu irin wanda Malama ta siffanta, kalmar “ƙasa” za ta bayyana da fuska huɗu aƙalla. Akwai wanda ya rubuta ta daidai da ƙugiyarta, akwai wanda ya rubuta “kasa” domin allon rubutunsa ba shi da harafin, akwai mai rubuta “k'asa”, sannan akwai “}asa”. Wannan ta ƙarshe ta samo asali ne daga salon haruffan da aka yi amfani da su kafin Unicode, wato tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa ta bai ɗaya a kwamfuta, ya bazu, inda aka zana haruffa masu ƙugiya a gurbin wasu alamomi. A takarda da a fuskar kwamfuta mai wannan salo rubutun daidai yake, amma da zarar an ciro shi, sai a ga } a gurbin ƙ, da ] a gurbin ɗ, da ~ a gurbin ɓ, manyansu kuma { da [ da |. Injin bincike yana ɗaukar waɗannan a matsayin alamomin rubutu, sai ya watsar da su, “}asa” ta koma “asa”, “ha]a” kuma ta rabu gida biyu. Dole ne a fara gano fayilolin da ke da wannan matsala a mayar da haruffan, kuma a yi shi da kula, domin akwai inda bakan da aka sa baka ce ta gaske.

Abu na biyu shi ne kada a zaci hanyar da ake cire alamomin Faransanci za ta yi aiki a nan. Harafin é a Unicode yana rabuwa zuwa e da alamar da ke kansa, sai a jefar da alamar, kuma hakan yana da amfani ga kundayen sashen harsuna da ke sa alamomin karin sauti a kan wasula. Amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ haruffa ne masu zaman kansu da ba sa rabuwa, lambobinsu U+0253 da U+0257 da U+0199 da U+01B4, don haka wanda yake son ƙ ta dace da k sai ya rubuta wannan ƙa'ida da kansa, ko ya yi amfani da matacin Lucene mai suna ASCIIFoldingFilter, wanda ya san su.

Na uku, alamar hamza. Mu a Nijar ƴ muke rubutawa, ku a Nijeriya 'y, wato “ƴaƴa” da “'ya'ya” kalma ɗaya ce da kwamfuta take gani biyu. Ita kanta alamar iri-iri ce, akwai miƙaƙƙiya ta allon rubutu, akwai lanƙwasasshiya da Word yake sauyawa da kansa, wani lokaci ma ya juya ta baibai a farkon kalma. Mai yanka kalmomi na SQLite yana ɗaukar ta a matsayin rabuwa, sai “sana'a” ta zama “sana” da “a”, “ma'ana” ta zama “ma” da “ana”. Na Lucene yana barin ta idan tana tsakanin haruffa biyu, amma yana jefar da ta farkon kalma, sai “'ya” ta koma “ya”, ta ɓace cikin kalmar da babu shafin Hausa da ba ta cika shi ba. Abin da nake yi shi ne in mayar da duk 'y zuwa ƴ a cikin fihirisa, sauran hamzar tsakiyar kalma kuma in mayar da ita U+02BC, wadda Unicode ya lissafa cikin haruffa, sannan in yi wa abin da mai nema ya rubuta irin wannan gyara kafin a aika shi. Wannan ƙa'ida ce da ba a karya ta: duk abin da aka yi wa takarda lokacin shirya fihirisa, sai an yi wa tambaya irinsa.

Mujallun da aka ɗauki hotonsu kuwa babu rubutu a cikinsu a wajen kwamfuta, hotuna ne kawai, sai an bi da su ta Tesseract, manhajar da ke karanto rubutu daga hoto, ko ta OCRmyPDF wanda yake amfani da Tesseract ya saka rubutun a bayan hoton. A duba sakamakon da ido, domin haruffa masu ƙugiya su ne suka fi lalacewa, musamman a tsohuwar takarda da tawadarta ta dushe. Sauran PDF ɗin, umarnin pdftotext yana ciro rubutunsu, kuma Apache Tika yana karanta Word da sauran nau'o'i masu yawa.

Ma'aikaciyar Laburare ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Malam da ɗan'uwa na Damagaram. Na buɗe wasu daga cikin tsofaffin kundayen, kuma lallai na ga } da ] da ~ kamar yadda aka bayyana. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Idan na mayar da kowace ƙ zuwa k domin a sami abin da aka rubuta ba ƙugiya, to “ƙafa” da “kafa” sun zama ɗaya, haka “baƙi” da “baki”, haka “ƙara” da “kara”, kuma mai neman maganin ciwon ƙafa zai sami tarihin kafa makaranta. Wanne ne ya fi, a cire ƙugiyar ko a bar ta? Sannan me za a yi da jam'i, tun da mai neman “makaranta” zai so ya ga “makarantu” da “makarantar”? A ƙarshe, an ce mini Solr ko Elasticsearch su ne ake amfani da su a manyan wurare, ko ya kamata in nufi can kai tsaye?

Mai Kundin Bincike ta amsa:

Malama, tambayar cire ƙugiya ko barinta ba a warware ta da ra'ayi, a kan tarin takardunki ake auna ta, kuma koyon aunawa shi ne ɓangaren da masu koyon wannan fanni suka fi tsallakewa. Ma'auni biyu ne tushe. Na ɗaya shi ne daidaito: cikin takardun da injin ya kawo, nawa ne suka dace? Na biyu shi ne kamawa: cikin duk takardun da suka dace da ke cikin tarin, nawa ya kamo? Idan ya kawo 10, guda 6 suka dace, daidaitonsa kashi 60 cikin 100 ne, idan kuma takardun da suka dace a tarin 20 ne, kamawarsa kashi 30 ne kacal. Cire ƙugiya yana ɗaga kamawa ya rage daidaito, barinta kuma yana yin akasin haka, amma girman ragin ya danganta ga yadda aka rubuta takardunki. Idan yawancinsu ba su da ƙugiya tun asali, barinta asara ce babba. A lura kuma cewa rubutun Hausa tun farko bai nuna tsawon wasali da karin sauti ba, don haka “gari” na zama da “gari” na tuwo sun riga sun haɗe, kuma abin da yake raba su shi ne sauran kalmomin tambayar. Mai neman “ciwon ƙafa” kalmar “ciwon” za ta tura tarihin kafa makaranta ƙasa, ko da an cire ƙugiyar.

Hanyar aunawar ta samo asali ne daga gwaje-gwajen da Cyril Cleverdon, wanda shi ma ma'aikacin laburare ne, ya jagoranta a Kwalejin Cranfield ta Ingila daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960. Tarin da ya rage daga wannan aiki, mai takardu 1,400 da tambayoyi 225 a fannin jiragen sama, har yanzu ana koyarwa da shi. Taron TREC na gwada injunan bincike da aka fara a Amurka a 1992 a kan wannan tsari ya tafi, kuma manhajar lissafinsa, trec_eval, kyauta ce. Abin da za ki yi shi ne ki tara tambayoyi na gaske da ɗalibai suke zuwa da su, ko da hamsin ne, ki gudanar da kowace a kan fihirisar da aka cire wa ƙugiya da wadda ba a cire wa ba, ki haɗa goman farko na kowane ɓangare, sannan ki yi wa kowace takarda alamar ta dace ko ba ta dace ba, ba tare da kin duba daga wane ɓangare ta fito ba. Daga nan duk canjin da kika yi za ki san ko ya gyara ko ya ɓata. A wannan aiki ma'aikaciyar laburare ta fi mai shirya manhaja, domin ke ce kika san abin da ɗalibi yake nufi.

Batun jam'i ya fi wuya. Martin Porter ya wallafa hanyarsa ta yanke ƙarshen kalmomin Turanci a 1980, kuma za ta yi miki amfani a takardun Turanci, amma tarin Snowball na irin waɗannan hanyoyi ga harsuna daban-daban da ya biyo bayanta ba shi da na Hausa. Yanke ƙarshe kaɗai ba zai haɗa “littafi” da “littattafai” ba, ko “doki” da “dawaki”, balle “mace” da “mata”, domin canjin yana cikin tsakiyar kalma ko ma kalmar ce duka ta sauya. Abin da za a iya yankewa da ƙa'ida shi ne mahaɗin mallaka da abin da ke biye da shi, wato “makarantar” da “makarantarsu” su koma “makaranta”, “gidan” da “gidanmu” su koma “gida”, tare da jerin kalmomin da ba a taɓawa irin su “nan” da “don” da “wannan” da “Sudan”. Jam'in kuwa, ni a ganina ya fi sauƙi a rubuta jerin tilo da jam'i da hannu ga kalmomin da suka fi yawa a tarin, a shigar da shi a matsayin kalmomi masu ma'ana ɗaya. Ƙananan kalmomi irin su “da” da “na” kuma kada a zubar da su kamar yadda tsofaffin darussa suke cewa, tun da BM25 ya riga ya rage musu nauyi, kuma wanda yake bincike a kan karin magana idan ya nemi “da na sani” sai ya tarar an bar masa “sani” kaɗai.

Game da Solr da Elasticsearch, dukkansu a kan Lucene suke, wadda Doug Cutting ya rubuta da Java a 1999. Solr ya fara ne a 2004 ya shiga hannun gidauniyar Apache a 2006, Elasticsearch kuma ya fito a 2010. A 2021 kamfanin Elastic ya sauya lasisinsa zuwa wanda ba a lissafa shi cikin lasisin buɗaɗɗiyar manhaja, abin da ya sa Amazon ya ware reshe mai suna OpenSearch, sannan a 2024 Elastic ya ƙara zaɓin lasisin AGPL, wanda shi na buɗaɗɗiyar manhaja ne. Ga mai koyo na fi son Solr, saboda yana da shafin da za ki rubuta jimla ki ga yadda kowane mataci ya sauya ta, mataki bayan mataki. Kuma idan kwalejinku ta girka DSpace nan gaba, wanda jami'o'i da yawa suke ajiye kundaye a cikinsa, Solr ne yake yi masa bincike. Amma yana cin RAM fiye da SQLite nesa ba kusa ba, don haka ba shi ne na farawa ba.

Za a kuma ce miki yanzu zamanin binciken ma'ana ne da ƙirƙirarriyar basira. Akwai gaskiya a ciki, kuma manhajojin Pyserini na Jami'ar Waterloo da PyTerrier na Jami'ar Glasgow suna ba da damar gwada hanyoyin biyu kyauta, har ma akwai tarin gwaji mai suna CIRAL da aka fitar a 2023, wanda ya ƙunshi Hausa da Somaliyanci da Suwahili da Yarbanci. Sai dai masu wannan bincike su kansu da BM25 suke kwatanta sakamakonsu, don haka shi za ki fara ƙwarewa a kai.

Malamin Kwamfuta ya ƙara da cewa:

Na yarda da Malama mai kundin bincike a kan aunawa, amma ina ganin ba dole ba ne a zaɓi ɗaya tsakanin cire ƙugiya da barinta, domin ana iya haɗa su. A teburin SQLite a yi gurbi uku, na take, da na rubutun da aka gyara aka bar masa ƙugiya, da na rubutun da aka cire wa ƙugiya. Idan ɗalibi ya rubuta “ƙafa”, shirin zai nemi “ƙafa” a gurbi na biyu ko “kafa” a na uku, sannan a jera da ORDER BY bm25(takardu, 5.0, 2.0, 1.0), wato take ya fi nauyi, sai rubutu mai ƙugiya, sai maras ƙugiya. Ta haka takardar da ta rubuta “ƙafa” daidai za ta ci maki daga gurabe biyu ta hau sama, wadda ta rubuta “kafa” kuma ba za ta ɓace ba, za ta zo daga baya. Fihirisar za ta kusan ninka girmanta, amma ga takardu dubbai wannan ba abin damuwa ba ne. Su waɗannan lambobi uku misali ne kawai, tambayoyin gwajin da aka tara su ne za su nuna ko sun dace ko a sauya su.

Ina kuma ba da shawarar kada a shigar da kundi sukutum a matsayin takarda ɗaya, a shigar da shi shafi-shafi, kowane layi a teburin yana ɗauke da sunan fayil da lambar shafi, domin a kai ɗalibi daidai wurin da maganar take. Wannan ba shi da wuya, tun da pdftotext yana saka wata alama ta musamman tsakanin shafi da shafi, wadda ake rubutawa \f a Python, sai a yanka rubutun a kanta. Asalin fayilolin kuma kada a taɓa su, duk gyara a yi shi a kan kwafin rubutun, saboda za a rushe fihirisar a sake gina ta sau da yawa yayin da ƙa'idojin gyaran suke canzawa. Idan kina son tarin da za ki yi atisaye da shi kafin ki taɓa na kwaleji, ana iya sauke Wikipedia ta Hausa duka a fayil ɗaya daga shafin Wikimedia. Idan kuma kika buga makin bm25 na SQLite kika ga lambobin suna ƙasa da sifili, ba kuskure ba ne, da gangan aka juya alamar domin takardar da ta fi dacewa ta zo farko idan aka jera daga ƙarami zuwa babba.